Munduwar da na narkar a Maigatari

Shekarun baya, lokacin da nake ganin duk Gumel babu mai hannu irin nawa, na bar maigidana. Maƙerin fari ne, aikinsa azurfa da zinariya, kuma shekara shida na yi a gefensa ina koyon sana'a. Laifinsa a wurina jinkiri. Mace za ta kawo ɗankunne, sai ya yi ta juya shi a tafin hannu, yana kankara nan da can da wuƙa, kafin ya ce a hura gawayi. Ranar da na yi masa sallama bai hana ni ba, cewa kawai ya yi, "Allah ya ba da sa'a." Ni kuwa hankalina yana kan tukunyar gas da na sayo.

Na kama rumfa a Maigatari, bayan layin masu igiya. Ban san kowa ba. Ranar Alhamis kasuwa takan cika har da mutanen Nijar, amma wa zai miƙa wa baƙon maƙeri kayan adonsa? Sauran kwanakin kuwa daga ni sai ƙudaje. Nakan goge awartaki da magagari in jera, in sake jerawa. Akwai ranar da na lura tun safe ban yi magana da kowa ba, in ban da gaisuwa a ƙofar masallaci. Kunya ta hana ni komawa gida.

Wata Alhamis wata tsohuwa daga Ɗanzomo ta tsaya. Ta kwance gefen zaninta, ta fito da munduwar azurfa da ta tsage.

"Ɗan nan, ka iya liƙi kuwa? Na ga ko gemu bai gama fito maka ba."

"Iya, ai aikin minti biyar ne."

"Ni ba sauri nake ba. Ta mahaifiyata ce. Mako mai zuwa zan dawo."

Tana juya baya na kunna gas. Ban duba cikin munduwar ba. Ashe an taɓa liƙe ta da dalma, kuma duk maƙeri ya san dalma in ta ji wuta mai ƙarfi cin azurfa take yi. Kankare dalmar ake fara yi, abin da na sha gani maigidana yana yi ke nan. Ina kallo gefen ya rarake, ya zube kamar kitse.

Har nan kuskure ne. Abin da ya biyo baya shi ne laifina. Na yanke inda ya lalace, na narkar da sauran, na ƙara da azurfata, na ƙera sabuwa. Kwana huɗu ina kwaikwayon zanen da na tuna. Sannan na turara ta da hayaƙi, na murza ta da ƙasa, don ta yi kama da tsohuwa. Har daɗi na ji da ta yi kyau.

Da ta dawo ba ta ma kalle ta sosai ba. Babban yatsa ta zura ciki tana lalube, ta zagaya sau biyu.

"Akwai wata lotsawa a nan," in ji ta. "Taɓarya ce ta buge ta, ina yarinya, ina zaune kusa da turmin."

Ta ɗago ta dube ni.

"Ɗan nan, ina tawa?"

Na faɗa mata komai, kaina a ƙasa. Na ce fiye da rabin azurfar nan tata ce. Na so ta zage ni, ta tara mini kasuwa, da na samu sauƙi. Ta miƙo mini munduwar, sannan ta ce, "Da gutsuren ka ajiye mini, da na gode maka. Amma kawo. Rabin ma na uwata ne."

Ba ta sa a hannu ba. A gefen zani ta ƙulle ta, ta yi mini addu'ar albarka, ta tafi. Na zauna har aka tashi kasuwa, babu wanda zan gaya wa.

Yau ina da shagona a Gumel, ana kawo mini aiki daga Gagarawa har Sule Tankarkar. Na ƙona abubuwa bayan wannan, kowane maƙeri yana ƙonawa, amma nakan kira mai kaya in nuna masa ɓarnar yadda take. Ƙonewar ba ta cika damuna ba, hayaƙin nan da na turara ne ya tsaya mini a rai. Maigidana ya rasu ban iya ba shi labarin ba, tsohuwar kuma ban ko tambayi sunanta ba.

Har yanzu in hanya ta bi da ni ta Ɗanzomo, nakan rage gudun babur ina duban hannuwan tsofaffi. Ban taɓa ganin munduwar a hannun kowa ba.