Innar Kantin Barguna a Lyon

Aikin da ya riƙe ni a shekarun karatuna a Paris, har yau idan na yi wa 'yan gida bayaninsa sai an yi dariya. Wani kamfani ne ke aika ni kantuna in shiga kamar kowa, in yi tambaya, in sayi ɗan abu, in fito, sannan in rubuta musu yadda ma'aikata suka karɓe ni: an gaishe ni ko ba a gaishe ni ba, an saurare ni ko an bar ni a tsaye. Ma'aikatan ba su san ko ni wace ce ba, kuma nan duk aikin yake. Ranar da na gwada yi wa mahaifiyata bayani ta waya, tana can Damagaram, sai ta tambaye ni ko dai gulma ce aka fara biya a ƙasar Turawa. Ban sake tayar mata da maganar ba.

Wadda ta koya mini aikin wata Bafaranshiya ce mai magana da sauri kamar jirgi zai bar ta. Ita ke raba mana kantuna, yawanci ta waya. Abu ɗaya take nanatawa, wato idan na fita daga kanti kada kowa ya iya tuna ni. Sunan da ke manne a ƙirjin ma'aikaci ba a zuba masa ido, sai dai a saci kallonsa lokacin da mutum ya juya yana neman kaya. Ba a duba agogo. Biro da takarda ba sa fitowa sai na yi nisa da kantin, na sami benci ko na shiga mota. Tambayoyin da aka ba ni kuma kada in jero su kamar mai hadda, in gutsura su cikin hira. Rasit ma in karɓe shi kamar ban damu da shi ba, don masu kanti sun daɗe da gane cewa mai nacin rasit da wata a ƙasa ya zo. Ta ce idan har aka gane ni, dole in faɗa, a soke rahoton, kuma ba za a sake aika ni wannan kantin ba.

Sau ɗaya muka haɗu ido da ido, a ofishinsu. Ina zama ta shaƙi iska, ta ce ƙamshina yana da daɗi ƙwarai, amma in daina shi. Wai fuska ana mantawa, ƙamshi kuwa ba a mantawa. Turaren wuta ne da mahaifiyata ta haɗa mini da hannunta, shi nake turara kayana da shi duk Juma'a. Na koma ɗaki na ɗaure kwalbar a leda na tura ta ƙasan akwati, raina a ɓace. Lalle ma na bar shi, don hannu mai lalle yana miƙa kuɗi an gama tuna shi.

Abin dariya shi ne na iya aikin fiye da yadda kowa ya zata, kuma ba wayona ne ya jawo ba. Su a ransu mai irin wannan aiki farar mace ce mai manyan shekaru da jaka a hammata. Ni kuwa baƙar yarinya da kallabi, ɓarauniya kawai suke gani. Mai gadi yana bin bayana daga layin takalma zuwa layin riguna, ni kuma ina lura da wanda ya ƙi gaishe ni. A wasu kantunan har tausayinsu nake ji.

Abin da ya fi yi mini wuya gaisuwa ce. A gidanmu ba a wuce babba sai an tambayi kwana, an tambayi gajiya, an tambayi yara da iyali. Nan kuwa kalma ɗaya ce, a jefa ta a wuce. Na saba, amma sabon ya bar mini wata yunwa da ban san sunanta ba. Ranar Asabar nakan je unguwar Barbès in bi kasuwar da ke ƙarƙashin gadar jirgin metro, ba don sayen komai ba, don dai kunnena ya tsinci Hausa. Ana samunta kuwa, wurin samarin da ke sayar da katin waya da 'yan makaranta irina, rabi Hausa rabi Faransanci. Ba ita nake nema ba. Muryar babbar mace nake so, wadda za ta dube ni ta ce na rame, ta yi mini faɗa a kan ba na cin abinci. Idan na kira gida, gaisuwa ba ta ƙarewa katin ya ƙare.

A shekara ta biyu aka fara aika ni birnin Lyon, kamfani na biyan kuɗin jirgin ƙasa. Cikin kantunan akwai wani babba na kayan ɗaki, barguna da zannuwan gado da tawul, a gefen gari ta hanyar Saint-Fons. Zuwana na farko wata mata ce ta tare ni, baƙa, gajera, sa'ar mahaifiyata, ta sa rigar kanti a kan doguwar rigarta. Da Faransanci ta gaishe ni, da shi ta nuna mini barguna. Na zaɓi ɗaya, ta tsaya mayar da wani cikin jakarsa ya ƙi shiga. Sai na ji ta ce masa ƙasa-ƙasa, "Haba, kai kuwa, shiga mana. Mi na yi maka?"

Hausar Maraɗi ce tsantsa, irin ta maƙwabciyarmu mai ƙosai. Bakina ya cika da gaisuwa har na ji ta a haƙorana, amma na haɗiye ta. Idan na yi magana an gane ni ke nan, idan an gane ni kuwa ni da kantin sai dai labari, don aljihuna ba ya iya kai ni Lyon. Hanya ɗaya ce ta sake ganinta, ita ce kada ta san ni. Na biya, na yi mata godiya da mersi kamar 'yar Paris, na fita na zauna a tashar bas ina share ido da bakin kallabi.

Daga nan duk lokacin da kantin ya fito a rabo, ni ce ta farko wajen karɓa. Ana barin watanni tsakanin zuwa da zuwa, kuma kowane zuwa da sabuwar kama nake yi. Na je da hular sanyi da tabarau a matsayin mai shirin aure. Na je da wando da jakar goyo a matsayin ɗalibar da ta kama sabon ɗaki. Da ita nakan ƙara kiyayewa fiye da kowa, ba na haɗa ido da ita sosai, ba na barin harshena ya karkata gida. Amma nakan ja lokaci a layin tawul don in ji ta. Da kayan kanti take hira da Hausa, tana yi wa matashin kai tsiya, tana lallashin akwatin kuɗi idan ya ƙi buɗewa. Daga hirarta da abokan aiki na tsinci cewa mijinta ya yi aiki a masana'antun Saint-Fons har ƙirjinsa ya gaza, kuma 'ya'yanta ba sa amsa mata sai da Faransanci. A raina na sa mata suna Inna. Nakan dawo Paris da muryarta a kunnena, ta ishe ni wata guda. Rahotonta kuwa gaskiya nake rubutawa, kuma gaskiyar ba ta taɓa cutar da ita ba, don ta iya karɓar mutane.

Haka muka yi kusan shekara biyu. Ban taɓa yin kuskure da baki ba. Gwiwata ce ta tona ni.

Lokacin sanyi ne, bayan wata Babbar Sallah da na yi ni kaɗai a ɗaki da taliya. Na sayi zanen gado, ta naɗe shi ta sa a jaka, maimakon ta ajiye a kan tebur yadda suka saba, sai ta zagayo ta miƙo mini da hannu biyu. Kafin in yi tunani na riga na rusuna, hannuna na hagu ya tallabi na dama, kaina a ƙasa, yadda aka koya mini karɓar abu daga hannun babba tun ban iya ɗaura zane ba. Ba ta saki jakar ba. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ke ɗiyar ina ce?"

Ina iya cewa ban ji ba, an koya mini yadda ake yi. Amma na gaji, wallahi na gaji.

"Damagaram, Inna. Ina wuni?"

Ta saki jakar ta kama hannuna. Muka yi gaisuwa cikakkiya a tsakiyar kanti, ta tambayi mahaifiyata, ta tambayi mahaifina, ta tambayi karatu da sanyi da zaman baƙunta, ni ma na tambayi maigida da jiki da yara. Ta ce na rame. Ta tambaye ni wa ke dafa mini, da na ce ni ce, ta ce ai ga alama nan. Mutane sun yi layi a bayana, shugaban kantin yana leƙowa, ita ko a jikinta.

Sai ta ce, "Yau ne zuwanki na farko nan, ko? Da kin taɓa shigowa da ban bar ki kin hita haka ba. Ni ba ni mance huskar 'yan gida."

Na gaya mata na sha zuwa. Ban faɗi abin da ke kawo ni ba, amma na tuna mata bargon da ya ƙi shiga jaka, da ranar da ta taya ni zaɓen tawul na kayan aure, har ta ce in ɗauki mai duhu don ba ya nuna dauɗa. Ta ƙura mini ido, tana nema da gaske, na ga tana so ta samo ni don ta faranta mini. Can ta girgiza kai.

"Wallahi ɗiyata, ban tuna ba. Ki yahe mini."

Shugaban ya kira ta. Ta matse hannuna ta ce in dawo ranar da ba cunkoso, kullum tana nan, za ta kai ni gida in ci tuwo. Na ce in sha Allahu. Ko lambar waya ba mu karɓa ba, don a lokacin gani nake dawowa abu ne mai sauƙi. Sai da na gama karatu na sami aiki sannan na iya kai kaina Lyon, na tarar ta bar kantin, kuma yaran da ke aiki a wurin ba su san inda ta koma ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wayar da na yi a jirgi ina komawa Paris a ranar da muka gaisa da Inna. Na kira Bafaranshiyar nan na gaya mata an gane ni, a cire ni daga kantin. Ta ce ba komai, yana faruwa. Sai ta tambaye ni ko matar ta tuna zuwana na baya, don idan ta tuna, tsofaffin rahotannin ma sai an sake duba su. Na ce a'a, ko ɗaya ba ta tuna ba, na ma gwada tuna mata. Ta yi dariyar jin daɗi, ta ce shekara biyu mace ɗaya tana karɓata ba ta riƙe fuskata ba, ita tunda take wannan aiki ba ta taɓa samun ƙwararriya kamata ba. Na ce mata na gode.