Sadakar da Muka Yi Kafin a Gama Duba Baba

Shekarun baya, ana gab da girbin gero, mahaifina ya kwanta da wani zazzaɓi da ya ƙi jin magani. Manomi ne a wani ƙauye kusa da Sandamu, mutumin da ban taɓa ganin rana ta fito ta same shi a shimfiɗa ba. Ya rame, idonsa ya yi ruwan ɗorawa, kullum yana dafe da gefen cikinsa na dama. Mahaifiyata ta ce shawara ce. Aka hana shi mai da nama, aka shiga jiƙe-jiƙe.

Ni ne ɗan bokon gidan, ina koyarwa a firamare a cikin Daura, don haka duk maganar asibiti a kaina take, ko da yake ilimina na likitanci bai wuce farasitamol ba. Da na ce a je a ɗebi jininsa, Inna ta tare bakin ƙofa. "Mai shawara ake wa allura? So kake ka kashe mini shi?" Sai da na rantse mata ɗiba za a yi, ba zubawa ba, sannan ta kauce.

Likita ya duba sakamakon ya ce fararen ƙwayoyin jini, masu yaƙar cuta a jiki, sun yi yawan da ya wuce misali. Ya ce ƙila wata ƙwayar cuta ce ta shiga, ya rubuta magunguna masu ƙarfi. Baba ya shanye su tas, zazzaɓi na nan daram, ƙwayoyin kuwa ƙaruwa ma suka yi. Sai likitan ya ja ni gefe ya ce yana tsoron sankarar jini ce, mu wuce Kano. Ban gaya wa Baba ba, amma kukan Inna ya gaya masa.

A Kano suka ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙugunsa. Ranar da sakamako ya fito, likitar, wata mata mai sanyin magana, ta ce mini, "Ba sankarar jini ba ce." Ta ci gaba da bayani, wai saura babban hoton ciki, ni kuwa tuni hannuna na kan waya. Na kira Inna na ce mata Baba ya kuɓuta. Kafin la'asar an soya waina an raba har masallaci, kawuna ya kayar da akuya. Da muka koma gida jiran ranar hoto, har daga Mai'adua dangi suka riƙa zuwa barka da arziki. Baba na zaune a zaure yana amsawa, zazzaɓi na cinsa a ƙarƙashin riga.

Hoto ya nuna ƙari a hanta. Suka tsakuro ɗan kaɗan suka auna, likitar ta ce sankarar hanta ce, irin wadda ba kasafai ake gani ba. Kaina ya ɗaure tamau.

"Likita, ba ke kika ce ba sankara ba ce?"

"Cewa na yi ba ta jini ba ce, Malam."

Ta ce ɓargonsa lafiya lau yake, ƙarin ne ke sakin wani sinadari da ke sa jiki ya yi ta haifar fararen ƙwayoyin ba ƙaƙƙautawa, har su yi kama da sankarar jini. Na ce to ciwon a jini yake ko a hanta? Ta sake bayani, na yi ta gyaɗa kai kamar ɗaliban ajina in ba su gane ba. Abin da kawai na riƙe shi ne, in ana son ransa, sai an yi aiki an cire ƙarin, kuma ba da jinkiri ba.

Baba ya ce atafau ba za a yi masa aiki ba. "Shawara, ƙwayar cuta, jini, yanzu kuma hanta. Kai yaron nan, wanne ne nawa a ciki?" Na ce, "Baba, hayaƙi suka gani suka yi ta neman wutar a ɗaki, ashe a rumbu take." Ya harare ni. "An yi mini barka, an ci akuya. In ce wa mutane me? Su dawo da naman?" Na so in yi dariya, sai na ji hawaye. Kunya ce ke neman hana shi magani, kunyar da bakina ya jawo masa.

Inna ce ta warware ta, ita da ta tare ƙofa saboda allura. Ta ce wa Baba, "Malam, sadaka ba ta ɓaci ba, gaba ta yi ta jira mu. Ka je a yi." Sai ya ce a ɗauko masa hularsa.

Aka yi aikin. Zazzaɓi ya tafi, ƙwayoyin suka sauka da kansu ba tare da an ba su wani magani ba. Baba ya samu damina guda cif a gonarsa, ba ya huɗa, amma yana tsaye yana faɗa da masu yi. Sai wata rana muka je awon jinin da aka saba, na ga ƙwayoyin sun sake hawa. Kafin likitar ta buɗe baki na san ƙarin ya dawo. Ranar ce kaɗai na gane wani abu a duk ciwon nan, kuma na so a ce ban gane ba. Bai ga damina ta gaba ba, Allah ya jiƙansa.

Har yau ban san ko in yi nadamar waccan sadaka ba, don dai kwanakin barkar nan su ne na ƙarshe da na ga gidanmu cike da dariya. In wani ya dawo daga asibiti da albishir, ina taya shi murna, amma sai na tambaye shi ko likita ya kai ƙarshen maganarsa. Sunan ciwon ma har yanzu ban iya faɗarsa ba. Ana gab da rasuwarsa Baba ya tarar da ni ina ta lalube a waya, ina neman yadda ake kiransa. Ya ce, "Aje wayar nan ka zauna kusa da ni. Ko ba ka san sunansa ba, shi ya san nawa."