Ranar da Ɗinkin Baba Ya Karkace

Mahaifina baduku ne, kuma babban laifinsa a duniya shi ne ya iya aikinsa fiye da yadda ake so. A wata 'yar rumfa da ke ƙofar gidanmu a unguwar Briqueterie ta Yaoundé yake ɗinka alabe da kuben wuƙa da ƙananan jakunkunan mata. Ni ce babbar 'yarsa, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake kirana. Da aurena ya mutu na dawo gida, tunda ina jin Faransanci kuma ba a taɓa kama ni da ƙarancin magana ba, sai kai kayansa kasuwa ya dawo wuyana.

Kayan aikin Baba ba su da yawa, amma zaɓensu ya fi zaɓen suruki wahala. Basilla sai ya gwada tsininta a farcensa, wuƙa sai ta aske gashin hannunsa. Sarkinsu duka kuwa wani ƙashin haƙarƙarin bijimi ne. Wajen masu tsiren unguwa ya samo shi, bayan ya ishe su da jujjuya ƙasusuwa yana gogawa a kuncinsa, su kuma suna tambayarsa ko a barbaɗa masa yaji. Da wannan ƙashi yake guge gefen fata, ya shafa kakin zuma, ya sake gugewa, har gefen ya yi santsi kamar bakin kwalba. Yana da hujjarsa: ruwan Yaoundé ba ya hutawa, gefen da ba a rufe da kyau ba sai ya sha danshi ya yi fumfuna. In ya gama, sai ya jera kayan a tabarma ya kira ni in gani. Ba ra'ayina yake nema ba, yabo yake jira, ni kuma ina ba shi don ya cancanta.

Mai karɓar kayanmu wani ɗan unguwarmu ne da ya buɗe shago inda Turawa ke sayen tsaraba. A unguwa da wando da shat yake yawo, amma da ya isa shago sai ya zuba babbar riga, wai ciniki ya fi tafiya. Wata rana ya turo mini kayan Baba gabana yana girgiza kai.

"Hajiya, Turawa sun ce wannan shinuwa ne," in ji shi. Shinuwa muke ce wa kayan China na inji. "C'est trop propre. Ya cika kyau. Su so suke su ga hannun mutum a jiki."

Na ce, "To wannan da ƙafa aka ɗinka shi?"

Sai ya ɗauko mini irin wanda ake rububi. Ɗinkin yana tafiya kamar mashayi, zare na leƙe ta ko'ina, fatar kuma tana warin akuyar da aka feɗe jiya. Wai shi ne na gargajiya. Ashe kakanninmu duk makafi ne, mu ne ba mu sani ba.

Da na kai wa Baba saƙon, sai ya ajiye basilla ya dube ni.

"Uwata, wato in lalata?"

"Haka masu ilimin suka ce, Baba."

Wallahi ya gwada. Da idona na gan shi wata safiya ya zauna ya ɗaure fuska zai yi mummunan aiki. Ya soka basilla a karkace da gangan, ya ja zare, ya yi gaba kaɗan, sai hannun ya koma kan layi da kansa. Da ya dubi ɗan wurin da ya karkace, ya yi tsaki ya warware shi. Ranar na yi dariya har da riƙe ciki. Daga nan na koma kai kayan kasuwar Mokolo, inda aka jera su kusa da shinuwa na ainihi, masu saye suna tambayata me ya sa nawa shinuwan ya fi na maƙwabcina girman kai wajen farashi.

Haka muka yi ta lallaɓawa har shekaru suka ja. A kofin shayi na fara gane abin: in Baba ya ɗauka, sai in ji cokali yana ƙara a ciki. Ya ce sanyi ne. Rumfar ta koma shiru, aikin yini ya koma na mako, ya kuma daina kirana in ga kaya a tabarma.

Wata rana ya miƙo mini ƙulli a ɗaure tamau, ya ce in gwada kai wa mai shagon nan. Bai dube ni ba. A cikin tasi na kwance ƙullin. Ɗinkin ya hau ya sauka, ramukan basilla ba su bi juna ba, gefen kuma ya yi kaushi, don hannun ba ya iya danna ƙashin. Na yi kuka a gaban mutanen da ban sani ba.

Mai shago kuwa kamar ya yi rawa.

"Voilà! Yanzu Baba ya gane kasuwa. Authentique! Na asali ke nan!"

Wata Baturiya da ke shagon ta ɗauki alabe ɗaya tana shafa wurin da ya fi karkacewa, ta ce da Faransanci a nan ake ganin ran mai sana'a. Na amsa mata da Hausa, "Rawar hannu ce, Madam. Asibiti cike yake da irinta." Mai shago ya fassara mata cewa ina godiya.

Na tarar da Baba zaune a rumfa ya ɓoye hannuwansa cikin riga.

"Ya karɓa?"

"Duka, Baba. Har yana neman ƙari."

"Bai ce komai ba a kan ɗinkin?"

"Ya yaba."

Na zaci zai ji daɗi ko kaɗan ne. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Na so a ce ya dawo da su, Uwata. Da na san da sauran mai ido." Ya laluba ya ɗauko ƙashin nan, ya goga a kuncinsa, ya miƙo mini. "Kai wa uwarki ta jefa a miya, ko ɗanɗano a samu."

Ban kai ba, yana cikin jakata har yau. Baba kuma bai sake taɓa basilla ba. Kwanan baya mai shago ya tare ni a bakin titi, da wandonsa da shat, yana tambayar yaushe za a kawo sabbin kaya, wai Turawa sai cigiya suke yi. Na ce masa ya ba su haƙuri, hannun ya yi authentique da yawa, yanzu ni nake ba shi abinci a baki.