Butar da Na Ƙwace a Hannun Surukina

Edita, ina yi maka sallama tare da masu karatu. A shekarun da aka mai da Dutse babban birnin jiha, ni matashi ne ɗan unguwar Limawa, ɗan gidan malamai, wanda ya bar allo ya kama sitiyari. Mahaifina yana da makaranta a ƙofar gida, ya so in gaje shi, amma ni ƙarar inji ce ta tafi da hankalina. Na yi aure ban daɗe ba, matata na goyon 'yarmu ta fari. Surukina attajirin hatsi ne wanda sabuwar jiha ta buɗe wa harkar kwangila, kuma ba zan ci amanarsa ba, ya riƙe ni kamar ɗan cikinsa. Ni kuwa ina jin kunyarsa irin ta surukuta ta gidanmu. Ba na haɗa ido da shi, ba na ci ko sha a gabansa, in ya yi magana ba ni da amsa sai to, Alhaji.

Bayan wata babbar salla ya sayi jif mai jan taya huɗu, ya ce yana son ya ga hanyar da kakansa ya bi da raƙuma zamanin fatauci, can arewa da Damagaram. Yawon buɗe ido ne kawai, ba ciniki ba. Mu huɗu muka tashi: shi, da ƙaninsa, da amininsa wani dattijo daga Ringim mai fama da ciwon suga, sai ni a kan tuƙi. Muka bi ta Gumel da Maigatari muka tsallaka. A garin ƙarshe mai kasuwa mutane suka ba mu shawara mu ɗauki ɗan jagora, Alhaji ya yi dariya ya ce mota mai ƙarfin wannan ita ce jagorar kanta. Na san ba daidai ba ne, amma na sunkuyar da kai na tayar da mota.

Da farko tafiyar ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba. Na rage iskar tayoyi, na saka giyar taimako, motar tana hawa tudun yashi tana gangarawa, dattawan nan suna dariya kamar yara. Sai dai akwai abin da nake gani yana damuna. Alhaji mutum ne da ba ya zama babu alwala, kuma yana da waswasi, in ya wanke hannu ya ji bai gamsu ba sai ya sake daga farko. A gida wannan abin yabo ne, har misali ake yi da shi a masallacin unguwa. A cikin sahara kuwa kowace buta da ya juye daga jarkokinmu take fitowa. Ina kallon jarka tana sauƙi a hannuna, ƙaninsa yana gani, dattijon yana gani, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru.

Wata rana da hantsi muka faɗa wani kwari mai laushin yashi, motar ta nutse har ciki. Muka tona, muka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin taya, na yi gaba na yi baya har kuloci ya ƙone, warinsa ya cika motar. Daga nan ba gaba ba baya. Ba bishiya, ba sawun dabba, ba komai sai yashi da rana. Muka ɗaura barguna a jikin mota muka fake. Kafin wani lokaci ruwa ya koma jarka guda, ita ma ba cikakkiya ba, dattijon nan kuma ciwonsa ya tashi. Leɓɓansa suka tsattsage, yana kiran sunan matarsa yana cewa ta miƙo masa kofi, alhali tana Ringim. Ni kaina harshena ya yi nauyi, don ko rabona na ruwa sai na zagaya bayan mota nake sha, kada Alhaji ya gan ni.

Da azahar ta yi, Alhaji ya ɗauki butarsa ya nufi jarkar ya fara tsiyayawa. Na dubi ƙaninsa, ya kawar da kai. Ban san sanda na miƙe ba. Na riƙe butar, ya riƙe, na fizge ta daga hannunsa na mai da ruwan cikin jarka, na rufe na zauna a kai. A karo na farko tun da na auri 'yarsa na dube shi ido cikin ido. Na ce masa daga yanzu ruwan nan na maƙogwaro ne, wanda zai yi salla ga ƙasa nan mai tsarki ya yi taimama, Allah da kansa ya sauƙaƙa wa mai tsoron ƙishi. Ya ce ni ne zan koya masa addini? Na ce ba na koya masa komai, shi ma ya san hukuncin, amma ko zai tsine mini ba zan tashi daga kan jarkar ba. Ya daɗe a tsaye yana huci, sannan ya juya ya buga tafukansa a yashi ya yi sallarsa. Tun daga lokacin bai ƙara ce mini uffan ba.

Da murfin jarka na riƙa ɗiga wa dattijon ruwa a baki, sauranmu muna jiƙa harshe. Na cire safaya taya na cinna mata wuta, baƙin hayaƙi ya miƙe sama. Shi ne wasu Buzaye masu raƙuma suka hango suka iso mu, suka ba mu ruwan salka, suka kai mu inda manyan motocin dabino ke bi. A lokacin abin da ya rage a jarkar bai fi a wanke fuska sau ɗaya ba. Dattijon ya yi jinya a asibiti ya tashi, ya ƙara shekaru a duniya har ya aurar da 'ya'yansa.

Na ɗauka in mun dawo gida maganar ta mutu, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ƙanin Alhaji, wanda ya kasa buɗe baki a sahara, a Dutse bakinsa ya buɗe. Ya bi majalisa majalisa yana cewa na ci mutuncin yayansa, na ɗaga masa hannu. Ba a jima ba aka aiko mota ta ɗauke matata da 'yarmu, wai ta je ganin gida. Manya suka shiga tsakani, aka ce sharaɗi ɗaya ne, in tsuguna gaban jama'a in ce abin da na yi kuskure ne. Na je na tsuguna, na nemi gafarar fizgar da na yi da ɗaga muryata, amma na ce hana ruwan ba kuskure ba ne, gobe ma in aka koma zan hana. Dattijon Ringim yana wurin, ya yi ta goge hawaye da bakin rawaninsa, amma nauyin aminci ya hana shi cewa komai. Zomo dai ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, ni ma abokan tafiyar nan sun fi Alhaji ƙona mini rai. Mahaifina ne kaɗai ya ce mini a zaure hukuncina daidai ne, sai dai a garin nan ba za a yafe mini ba.

Haka aka matsa mini har na rubuta takardar saki ina kuka, matata ma an gaya mini ta yi kwanaki ba ta ci abinci ba. Da shekarun shari'a suka zo, labarin ya ƙara tsawo a bakin mutane, na zama wanda ya hana surukinsa salla. Akwai masallacin da in na shiga sahu wani yake matsawa. Alhaji ya rasu ba mu shirya ba. Na bi gawarsa har maƙabarta daga can baya, kuma har yau ina yi masa addu'a, don alherinsa gare ni ya fi wannan rana guda yawa.

Nadamar da nake yi ɗaya ce, ba kuma wadda suke so in yi ba ce. Ina nadamar shirun da na yi tun daga garin da aka ce mu ɗauki jagora, da shirun da na yi ina kallon jarkoki suna ƙarewa. Da na yi magana a lokacin cikin ladabi, a keɓe, da ba a kai ga fizgar buta a gaban mutane ba, da wataƙila 'yata ta tashi a gidana. Ina jan kunnen duk mai shirin shiga sahara da mota, kafin ku bar kwalta ku zauna ku yanke wanda ruwa ke hannunsa, kowa ya amince da bakinsa, babba da yaro. In kuwa a cikin tafiyar akwai wanda ba za ka iya ce wa a'a ba, ka ba da haƙuri ka zauna a gida. Masu cewa ba ni da kunya kuma su ci gaba da faɗa. Mu huɗu muka tafi, mu huɗu muka dawo da ranmu, aurena ne kawai bai dawo ba, kuma ko yau aka sake miƙa hannu ga jarkar nan zan riƙe shi.