Taɓaryar Tumba da Wayar Nasara

Har yanzu idan wayata ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Sati bai cika ba da abin ya faru, kuma tun ranar haushin kowa nake ji. Abin da ya fi ci min rai, tsohuwar da ta gargaɗe mu tun muna yara ta daɗe da rasuwa, ba halin in je in durƙusa in ce mata ta yi gaskiya.

Kakata ce, mahaifiyar Inna, muna ce mata Kaka Hajo. A gidanta na cikin gari muka tashi ni da yayana Sirajo, kafin Baba ya yi gini a unguwar Minanata. Lokacin ɗari, da an ci tuwo sai ta kwashe garwashin murhu a kasko, ta kai tsakar ɗaki, ta binne gujiya a cikin toka. Mu kewaye ta, gwiwa na gugar gwiwa, kowa na gadin gefen tokarsa. Ta iya tatsuniya. In tana muryar kura har wuyanta kumbura yake yi, in ta zo kan waƙa sai ta riƙa buga bakin kaskon da tsinke.

Amma akwai wani labari da take dawo da shi duk shekara, mu kuwa ba mu ƙaunarsa. Ba dodo, ba waƙa, ba abin dariya. Da mun ji ta gyara murya ba ta buɗe da ga ta nan ba, sai Sirajo ya zungure ni da ƙafa.

"Kaka, don Allah ba na waya ba," in ji Sirajo.

"Na waya za ku jiya. Kai mijin banza, ko goro ba ka taɓa kawo min ba, kai ad da zaɓi? In ba ka so, aje min gujiyata ka tahi ka kwanta."

Ba ya tafiya. Gujiyar ta fi ƙarfinsa.

Labarin kakarta ne, Tumba. Nasara ba su jima da cin Sakkwato ba suka fara jawo waya daga kudu, turakun ƙarfe a jere cikin daji har Bariki. Tangaraho ake ce mata. Wasu suka ce aljannu ke gudu a ciki, don in ka kara kunne a jikin turken za ka ji yana gunji. Malamai suka yi ta ja-in-ja a kan ko ya halatta a gaskata labarin da ba a ga mai kawo shi ba. Ana haka aka ce kowace unguwa ta ba da majiya ƙarfi, su je su ɗauko turaku a ka. Mijin Tumba, Maidamma, baduku ne, bai taɓa ɗaukar abin da ya fi fata nauyi ba, amma aka haɗa da shi. Ya tafi ya bar ta da ciki.

Nan Kaka ke tsayawa ta koya mana yadda ake kai labarin mutuwa, mu kuwa muna hamma. Dattijo ake aikawa. Ya yi sallama a zaure, ya zauna, ya sha ruwa, ya shaida wa maigida. Sai a kira tsofaffin mata su shiga ciki. In matar na daka, a amshe taɓarya. In tana goye, a kwance goyon. In tana bakin wuta, a janye ta. A zaunar da ita, mace a dama, mace a hagu, sannan a ce jikin wane ya yi nauyi. Sai an ga ta haɗiye wannan a ce mata sai haƙuri.

"To waya ba ta da gwiwar durƙusawa," in ji Kaka. "Ba ta shan ruwan kowa."

Wata safiya saƙo ya iso Bariki, akawu ya faɗa wa masinja, masinja ya kwaso gudu. Ya tsaya bakin ƙofa yana haki, ya ɗaga murya ya ce an bugo waya Maidamma baduku ya mutu a hanya, ya juya. Tumba na tsakar gida tana daka, taɓarya a sama. Ta yanke jiki ta faɗo kan turmi. Cikin bai tsaya ba. Namiji ne.

Bayan girbi sai ga Maidamma, ramamme, yana dogara sanda. Ashe zazzaɓi ne ya kayar da shi, shugaban ayari ya yar da shi a wata ruga, da aka tambaye shi sai ya ce ya mutu, don kada a tsare shi da bincike. Ya iske an yi masa sadaka, an ba ƙanensa kayan dukancinsa, ɗan da yake ɗokin gani kuma yana ƙasa.

Kullum sai na tambaya me aka yi wa masinjan, kullum amsa ɗaya: ba a yi mai komi ba, ya ci gaba da aikinai. In muka nemi ta rufe da ƙurunƙus kamar sauran, sai ta ƙi, ta ce wanga ba shi da ƙurunƙus, don ba ƙarya aka shirya ba. Mu tashi da haushi, bakinmu duk toka.

Da na shiga sakandare aka koya mana yadda tangaraho ke aiki, wutar lantarki ce da ƙwanƙwasawa, gajera da doguwa. Na zo da rawar kai na zayyana mata, na ce ba aljani ko ɗaya a ciki. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "To, ɗiyata, aljannu ba su ciki. Mutum hwa, shina ciki?" Na ce a raina tsufa ne.

Ranar Talatar da ta wuce da hantsi ina shagon da nake koyon ɗinki, wayata ta yi ƙara. Gurup ɗin dangi ne. Nasiru ɗan Goggo ya turo hoton tifa a kife a hanyar Kalambaina, tifar da Sirajo ke tuƙawa, ga hularsa a kwalta. A ƙasa ya rubuta Allah ya jiƙan Sirajo. Kafin in gama karantawa an fara jero innalillahi da 'yan hotunan fuska mai hawaye, wata har ta turo muryarta tana kuka. Ba wanda ya ga gawa, ba wanda ya tambaya. Na kira Sirajo, wayarsa a kashe.

Sai na tuna Inna. Tana da hawan jini, ba ta karanta rubutu, amma ba saƙon muryar da ke wuce ta. Kuma daidai lokacin take suyar awara. Ban san sanda na hau babur ɗin kabu-kabu ba, sai a hanya na ga takalmi ɗaya nawa ne, ɗaya na wata.

Na same ta a durƙushe gaban kasko, mai na tafasa, wayarta na caji a bakin taga tana ta haske. Na ƙwalla wa maƙwabciyarmu kira ta katanga. Na zare cokalin suya daga hannun Inna, na sauke kaskon da gaggawa har man ya fallatso min a tsintsiyar hannu. Inna ta dubi tafinta da ba komai, ta dube ni, ta dubi maƙwabciya da ta shigo tana gyara zane. Inna 'yar Kaka ce, ita ma ta ci gujiyar nan. Da kanta ta ja tabarma ta zauna.

"Wane ne?"

"Inna, motar Yaya ta faɗi. Sauran ban sani ba, kuma ba wanda ya sani."

Muka sa ta a tsakiya, tana jan carbi, ina jin bugun zuciyarta a kafaɗata. Dab da azahar baƙuwar lamba ta shigo. Sirajo ne daga asibiti, cinya ta karye, muryarsa a dishe, yana tambayar uban da ya kashe shi a waya. Nasiru kuwa ya goge saƙon, ya rubuta wai shi ma a wani gurup ya gani, a yi haƙuri. Shi ke nan. Ba a yi mai komi ba.

Shekara da shekaru na ɗauka Kaka cewa take kada a yarda da waya, shi ya sa nake mata kallon wadda zamani ya wuce. Ashe ba saurin wayar ne ya dame ta ba, ba ma ƙaryar ba. Ko da Maidamma ya mutu da gaske, ai da an amshe taɓaryar nan da ɗansa ya rayu. A zamanin Tumba masinja ɗaya ne a gari. Yanzu kowannenmu masinja ne, Bariki na cikin aljihunsa, yana ƙwala labari a ƙofar gidan da bai san abin da ke hannun matar ciki ba.

Ƙunar hannuna ta tashi, ta yi ruwa, ɗinki ma ya gagare ni. Jiya Inna na shafa min magani tana faɗa wai ban iya sauke kasko ba. Na bar ta. Na san inda man nan zai zuba da wayar ta riga ni isowa.