Tambayar da Gwaggo Hansai Ta Yi Mini

Har gobe ban manta da ranar da aka kawo Gwaggo Hansai asibitinmu na Dutsin-Ma ba. Lokacin ina da shekara tara a aikin jinya, ina ɗakin mata, ina kuma ji da kaina. Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ita ta goya ni. A Kurfi kuwa ita ce mai wankan gawa ta unguwarmu. Duk macen da ta rasu, ita ake aika wa.

Likita ya duba ta ya ce ciwon hantar ya ci jiki, aka kai ta ɗakin ƙarshe. Ku sababbin ma'aikatan jinya, nan ne muke kwantar da waɗanda magani ya daina yi musu aiki. Abin da ya rage shi ne a rage musu zafi, a juya su kada jiki ya yi gyambo, a jiƙa musu leɓe da auduga, a auna jini duk bayan awa huɗu a rubuta. Na iya wannan aikin kamar cin tuwo.

Amma a kan Gwaggo sai na rikice. Kafin azahar ta kwana na uku na auna jininta ya fi sau goma. In na shiga sai in ɗaura abin awo, in ce, "Da sauƙi, Gwaggo," in fice da sauri kamar an kira ni. 'Yan dubiya daga Kurfi su ma da sauƙin suke ce mata. Sista Rabi, shugabar ɗakinmu, ta duba takarda ta dube ni.

"Wannan awon na mene ne? Wa ya sa ki?"

Ta karɓe abin awon ta ce in je in zauna da gwaggota, ita za ta riƙe mini sauran gadajen.

Ina zama Gwaggo ta buɗe ido. "'Yar nan, bar ni da zancen sauƙi. Na san tahiya ce. Tsoro nike ji."

Wallahi kaina ya ɗaure. Matar da muna yara muke gudun taɓa zanenta in ta dawo daga gidan rasuwa, ita kuwa ta wanke hannu ta zauna ta ci abinci? Na ce, "Haba Gwaggo, ke da kika saba?"

"Ni sai sun tahi ake kira na. Ke ce kike ganin su kahin su tahi. Hwaɗa mani, da zahi?"

Ashe duk shekarun nan ina ganin ita ce ta san mutuwa, ita kuma tana ganin ni ce na sani. Na lalubi abin da aka koya mana a makaranta, ba komai ciki sai alamomi: numfashi zai canza, ƙafa za ta yi sanyi. Na yi niyyar in yi mata wa'azi, na ga ta fi ni karatu. Na so in ce babu zafi, bakina ya ƙi, don ban taɓa yi wa matar nan ƙarya ta yarda ba.

Na ce, "Gwaggo, ban sani ba. Ni ma tsoro nike ji. Abu ɗaya na gani: wadda aka riƙe wa hannu ta fi natsuwa."

Sai ta ce, "Ni kuma abin da na gani, huskar duk sakewa take yi, har ta masu hwaɗa." Ta miƙo hannu. "To riƙe mana, uwar awo."

Na riƙe. Na fara kalmar shahada a hankali, yadda ake yi, ba tare da na ce ta faɗa ba. Ta bi ni, sau biyu muryarta ce ma ta ɗauko tawa da ta sarƙe. Bayan la'asar ta cika.

Har na bar aiki ban samu amsar tambayarta ba, kuma tsoron bai bar ni ba. Abin da na koya kawai shi ne, mu ma'aikatan jinya muna da wurin ɓuya da yawa: takarda, agogo, abin awo. Daga ranar, in na ga yarinya ma'aikaciya tana yawan awo a ɗakin ƙarshe, ba na yi mata faɗa. Karɓe abin nake yi, in jawo mata kujera.