Mai Wankan Gawa da Littattafan Aljanu

A gundumar Treichville, in mace ta rasu a gidan Hausawa, kafin a gama salati an aika unguwar Arras kiran Zuhura. Ita ke wankan gawar mata tun da sauran ƙuruciyarta, don Allah take yi, kuma ba abin da take alfahari da shi kamar wannan aikin. Sana'arta kuwa albasa ce, a kasuwar Adjamé, wajen unguwar Bromakoté. Gajeruwa ce, ga baki, ba a taka ta ta yi shiru.

Littattafai ne suka jawo mata magana. Ba na addini ba fa, na soyayyar aljanu, irin wanda yarinya za ta mace a kan saurayi sai ta gane ba mutum ba ne, ko mamaci ya dawo neman wanda ya kashe shi, yana kuma leƙen budurwarsa. Mati direba ke kawo mata su daga Maraɗi, cushe cikin buhunan albasa, har shafukan su ɗauki wari. Da girmanta ta koyi boko, da yatsa take bin layi. In ciniki ya lafa sai ta karanta wa Huseina, aminiyarta mai rumfar kusa, su yi ta zagin aljanin kamar yana jin su.

Wata rana, fitowarta ke nan daga wankan gawa, ta shiga woro-woro, tasin da ake cikawa da fasinja, ta buɗe littafi. Ashe Hajiya Rumaisa, shugabar ƙungiyar matan unguwa, tana kujerar baya. A taron ƙungiya na gaba Hajiya ta tayar da maganar a gaban kowa.

"Zuhura, hannun da ke wanke mana iyaye bai kamata ya riƙe wannan shirme ba. Ki ƙona su, ko ki bar mana wankan."

Zuhura ta gyara ɗaurin kallabinta. "Hajiya, kin taɓa wanke yarinyar da aka yi goyonta a gabanki? Ni na wanke, kuma da ita nake komawa gida a cikin kaina. A littafin nan wanda ya mutu yana dawowa, har ya yi zance. Nawa ba sa dawowa. Salla ba ta wuce ni, ban cuci kowa ba. Ba zan ƙona ba."

Matan da ta wanke wa uwaye suka sunkuyar da kai, ko ɗaya ba ta tanka ba, wannan kuwa ya fi maganar Hajiya yi mata ciwo. Daga ranar aka koma kiran wata Laila. Zuhura kuma da gangan ta riƙa ɗora littafin a kan tulin albasa, bango a sama, duk mai ido ya gani.

Da damina Huseina ta kwanta, kwanciyar da ba ta tashi ba. Ba wanda ya aika Arras. A kasuwa Zuhura ta ji, ta bar rumfa a buɗe ta nufi ɗakin ajiyar gawa, da kafur da ganyen magarya a jaka. Ta tarar da Hajiya Rumaisa a ƙofa.

"Kin ƙona su?"

Da ta ce e, da an buɗe mata, kuma wa zai je ya duba? Zuhura ta dubi ƙofar.

"Ban ƙona ba. Ba kuma zan shiga wajen Huseina da ƙarya a bakina ba."

Ta miƙa wa Laila kafur da magaryar, ta zauna a benci a waje. Tana jin ƙarar ruwa a bayan bango, wani hannun na juya aminiyarta, ta yi kuka har mayafinta ya jiƙe.

Da aka ɗauki gawa, mata suka cika woro-woro, har da Hajiya. Zuhura na cikinsu, ta share ido, ta zaro littafinta, ta ɗora yatsa a kan layi.